Akwatin Hotunan Gwaggo

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Gwaggo ta rasu wata Talata da hantsi, ana irin ruwan nan na Duwala da ba ya ɗagawa don kowa. Kafin la'asar an sallace ta an kai ta. Maza suka dawo daga maƙabarta da laka har ƙauri, suka zauna a rumfar da aka kafa a ƙofar gida, mu mata muka cika ɗakuna da baranda.

Na sha zuwa zaman makoki a unguwarmu ta New Bell, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Mace za ta shigo ta yi gaisuwa, a yi addu'a a shafa, sai ta juya ga ta kusa da ita ta ce, "Ita ta ɗauke ni hoto ranar sunan ɗan farina." Waccan ta ce, "Ni hoton mahaifiyata ɗaya ne a duniya, kuma ita ta ɗauka." Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Yanzu wa zai tuna yadda muke da muna da haƙora?" Aka ɗan yi dariya, sannan dariyar ta koma kuka. Wata mai sayar da kifi ta taho tun daga Youpwé, bakin ruwan masunta, a kan bensikin, wato babur ɗin haya, ta jiƙe sharkaf. Ba Musulma ba ce, amma ta yafa mayafi, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa tana ta cewa "Ashiya, ashiya," wato sannu da haƙuri a bakin mutanen garin nan.

Mutum ɗaya ne bai ce uffan ba, shi ne mahaifina, yayan Gwaggo uwa ɗaya uba ɗaya. Yana zaune a gefen rumfa da carbi, ana miƙa masa hannu yana karɓa, idonsa na kan tagar ɗakinta. Na san abin da yake kallo. A ƙarƙashin tagar nan akwai akwatin ƙarfe, a cikinsa kuma akwai hotunan da ta ɗauka tun tana budurwa.

Na rubuta wannan ne don ina tsoron nan da ɗan lokaci ba wanda zai san cewa an yi wata mace a unguwar nan mai yawo da kamara a ƙarƙashin mayafi.

A New Bell aka haife ta. Kakanmu ya zo fataucin goro daga Arewa, ya zauna, bai koma ba. Ita aka sa a makarantar Faransanci, ta fito ta yi aikin buga takardu a ofishin wani kamfanin jiragen ruwa har ta yi ritaya. Ta yi aure, mijin ya rasu da wuri, Allah bai ba ta haihuwa ba, ba ta kuma sake aure ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka daga ita har Baba "Uwata" suke kirana. Kusan a ɗakinta na girma.

Kamarar ta saye ta ne hannu na biyu wajen wani abokin aikinta. Ƙarfe ce zalla, baƙa, mai nauyi, gefunanta sun goge har farin ƙarfen ya fito. Gilashi ɗaya gare ta a gaba, ba ta taɓa canza shi ba. Babban abokin gabarta shi ne danshin garin nan, wanda ke sa funfuna ta yi saƙa a cikin gilashi. A gwangwanin biskit take ajiye kamarar, ta zuba ɗanyar shinkafa a ƙasa, duk Juma'a ta canza. Idan rana ta fito sai ta shanya ta a taga kamar barkono. Ba ta taɓa karɓar ko sisi don hoto ba. Idan aka ce mata mai hoto sai ta gyara, "Mai hoto yana da shago. Ni mai kallo ce."

Tana da maganganun da har yanzu nake ji a kunnena idan na ɗaga kamara. "Ki yi sallama kafin ki danna." "Haske ba ya jiran mai gyara ɗankwali." Idan hoto ya fito dishi-dishi ba ta zargin kamara, sai ta ce, "Numfashinki ne. Riƙe shi."

Da na girma na fara aikin ofis, na sayi kamara irin ta zamani, sai barandarta ta zama wurin zamanmu duk Lahadi bayan la'asar. Mu uku ne muke zuwa, duk masu ɗaukar hoto don sha'awa: ni, da wani mai kemis Bafulatanin Garwa, da wata malamar lissafi 'yar asalin Duwala. Gwaggo ta dafa shayi mai citta, mu kuma mu baje kaya a tabarma mu yi ta musu, rabi Hausa rabi Faransanci, wace kamara ta fi kama duhu, wane gilashi ya fi kaifi. Mai kemis shi ne sarkin sayen kaya. Wata rana ya zo da wani dogon gilashi kamar taɓarya, yana ta murna.

"Hajiya, da wannan daga nan zan ɗauko miki mai shayin bakin masallaci, bai ma sani ba."

Ta karɓa, ta auna nauyinsa a hannu, ta mayar masa. "Ƙafafunka na mene ne, Alhaji? Ka taka ka je ka gaishe shi. Wanda ka ɗauka daga nesa, bayansa kawai za ka samu, ko da fuskarsa na kallonka."

"Mais Hajiya, tsuntsaye fa? Su ma in je in gaishe su?"

"Tsuntsaye na yafe maka."

Gyaran hoto a kwamfuta ne ya fi haɗa mu faɗa. Na taɓa ɗaukar layinmu da safe, na zauna da manhajar gyara na goge wayoyin lantarki, na cire kwatamin da ya ratsa gaban gidaje, na ƙara wa sama shuɗi. Na kawo mata ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallo.

"Uwata, wane gari ne wannan?"

"Layinmu ne, Gwaggo."

"Ina kwatamin da kika faɗa ciki kina 'yar shekara biyar? Ni na tsamo ki. Mayar mini da shi."

Amma ba wai ta ƙi zamani ba ne gaba ɗaya. Malamar lissafi ta taɓa nuna mata yadda ake ɗaga duhun hoto a kwamfuta. A wani hoton kasuwa da malamar ta ɗauka akwai ƙofar shago baƙa ƙirin. Ta ja wani abu a hankali, sai ga fuskar wani tela tana fitowa daga cikin duhun, yana murmushi. Gwaggo ta dafe ƙirji. Ta sa aka maimaita mata har shayi ya huce. A ƙarshe ta ce, "Wannan na yarda da shi. Bai ƙara kowa ba, wanda ke nan ya fito da shi."

Fita da ita ɗaukar hoto gwajin haƙuri ne. Mukan je Youpwé da sassafe lokacin da kwale-kwale ke dawowa. Mu muna ta dannawa kamar masu tsince shinkafa, ɗaruruwa kafin rana ta ɗaga. Ita kuwa za ta sami benci kusa da mata masu kifi, ta yi ciniki, ta tambayi lafiyar yara, kamara na kan cinyarta. Fim ya yi tsada kuma ya yi wuyar samu, amma ko lokacin da yake da araha haka take. Sai can ta miƙe, ta murɗa gilashi, ta danna sau ɗaya, ta zauna. A irin wannan zaman ta ɗauki mijin matar nan mai kifi yana sauke komar kamun kifi daga kafaɗa. Bayan 'yan watanni ruwa ya ci shi, ba a ga gawarsa ba. Gwaggo ta ji labari, ta nemo fim ɗin, ta kai aka wanke babba, ta sa a firam, ta hau bensikin ta kai wa matar har gida. Ba ta gaya wa kowa ba. Ni ma a wurin makoki na ji, daga bakin matar.

Abin da ke cikin akwatin, yawancinsa hotunan mata ne a cikin gidajensu. Wuraren da namiji mai hoto ba zai taɓa shiga ba, ita tana shiga. Mata suna kitso, suna tuƙa tuwon biki, suna wankan jariri, amarya na ƙunshi ba ɗankwali, tsofaffi na rawa a tsakar gida an kulle ƙofa. Takan wanke biyu, ta ba mai hoton ɗaya, ta ajiye ɗaya. Ba ta rubuta suna a bayan ko guda ba. "Ga sunayen nan," in ji ta, tana nuna goshinta.

Mai kemis ya daɗe yana roƙon ta bari a saka su a kwamfuta. Har sikana, na'urar kwafe hoto, ya ɗauko ya kawo wata Lahadi, ya ce danshi zai cinye takarda, ya ce wannan tarihin Hausawan Duwala ne, wata rana za a neme shi a rasa. Duk gaskiya ya faɗa. Ta bari ya gama.

"Alhaji, matan nan a gabana suka cire mayafi, ba a gaban duniya ba. Abin da ya shiga na'urarku, kun san inda yake kwana?"

"Ba za mu sa a intanet ba, Hajiya."

"Ku ba za ku sa ba. Wayarku in ta faɗi a tasi fa?" Sai ta juyo gare ni. "Uwata, ko bayan raina. Kin ji?"

Na ce na ji.

Tsakaninta da Baba kuwa, magana ce ta shekaru. Da ƙuruciya bai damu ba. Da ya manyanta ya duƙufa ga karatu, sai abin ya fara damunsa, ba don ƙiyayya ba, don tsoro. Ya ji a karatu cewa masu yin sura za a ce su busa mata rai ranar lahira, ya kuma ɗauka har hoton kamara a ciki. Ta ce masa malamai sun rabu a kan wannan, wasu sun ce hoton kamara kamar madubi ne. Ya ce shi ba zai yi caca da ƙanwarsa a kan "wasu sun ce" ba. Ranar da abin ya yi tsanani ina nan. Bayan Sallar layya ce, ta ɗaga kamara za ta ɗauki jikokinsa, ya sa hannu ya rufe gilashin.

"Ki ji tsoron Allah. Mu biyu muka rage. Kina so in tsaya ina kallo a tambaye ki abin da ba za ki iya ba?"

"Yaya, fuskar Inna kana iya tuna ta?"

Ya sauke hannunsa daga gilashin.

"Ni na kasa. Tun ina 'yar shekara goma sha wani abu nake nemanta a kaina, ba ta zuwa. Ba na so wani yaro a unguwar nan ya kwana yana neman fuskar uwarsa."

Ya tashi ya fita. Sun yi kusan shekara ba doguwar magana sai gaisuwa. Amma duk Juma'a ƙwaryar furarta na zuwa daga gidansa, ita kuma duk azumi ita ke dama masa kunun da yake so. Daga baya suka koma hira, suka bar zancen a gefe kamar rijiyar da aka rufe da faranti, kowa ya san inda take, kowa na kewayewa.

Ciwon sukari ne ya fara cin idonta. Da fari takan ce funfuna ce ta shiga gilashi, ta ba ni in duba. Gilashin garau yake. Hotunanta suka fara fitowa dishi-dishi, ita da ke cewa numfashi ne. Mai kemis, Allah ya saka masa, ya kawo mata ƙaramar kamara mai saita kanta, ya ce dannawa kawai za ta yi. Ta gwada mako guda ta mayar.

"Ita tana gani, ni ba na gani. To hoton wa ke nan?"

Daga nan ba ta ƙara ɗauka ba. Wurin wankin fim na ƙarshe da ta sani ma ya rufe a shekarar. Muka ci gaba da zuwa ran Lahadi, amma musun ya mutu. Mukan kwatanta mata abin da muka ɗauka da baki, ta yi tambaya, "Hasken daga ina ya zo?" Wani lokaci kafin mu amsa ta yi barci. Shinkafar gwangwani kuwa ba ta daina canzawa ba, da lalube.

Ana saura 'yan makonni ta rasu, ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce, "Uwata, in Yaya ne mai gaskiya fa?" Na ce Allah ya san niyyarta. Ta ce, "Ya sani." Ba ta ƙara ba, kuma ban ga alamar amsar ta kwantar mata da hankali ba. Wannan tambayar ita ta fi komai tsaya mini a rai. Mace ta yi rayuwarta kaf a kan abu ɗaya, ta zo bakin kabari ba ta da tabbas.

Bayan addu'ar bakwai Baba ya kira ni. Ya rame, muryarsa ta dushe.

"Uwata, akwatin nan zan ƙone shi."

"Baba, aikin rayuwarta ne."

"Shi ya sa. Ba na barci. Duk na rufe ido sai in ga ana tambayarta. Ban iya hana ta tana da rai ba, abin da ya rage mini ke nan in yi mata."

Na yi kuka, na roƙe shi, na kawo masa maganar malaman da suka halatta. Ya saurare ni har ƙarshe, bai ɗaga murya ba. Abin da na samu kawai shi ne jinkiri zuwa arba'in: duk wanda ke da hoton nasa ko na mamacinsa ya zo ya karɓa, nauyin ya koma kansa. Sauran kuma wuta.

Aka sanar a gidajen biki da islamiyyar mata. Na zauna a barandarta da akwati a buɗe, ina tsammanin unguwa za ta cika gidan kamar ranar makoki. Makon farko an zo. Wata ta sami mahaifiyarta tana tankaɗe, ta rungume hoton ta zauna a ƙasa. Wata ta zo neman ɗanta da ya bi hanyar hamada shekaru da suka wuce ba a sake jin ɗuriyarsa ba, muka same shi yana yaro, riƙe da ragon suna. Daga nan ƙafa ta ɗauke. Waɗanda ke cikin hotunan yawanci sun mutu. 'Ya'yansu sun koma unguwar Nylon, ko Yawunde, ko ƙasashen waje, gidajen an sayar an yi benaye. Waɗansu jikokin sun zo, suka juya hotuna, suka kasa gane kakanninsu, suka tafi hannu wofi suna ba ni haƙuri. Abin da aka karɓa bai rage ko kwatan akwatin ba.

Mai kemis ya sake zuwa da sikanarsa a jaka. Bai ma fito da ita ba, ya dai ajiye jakar a gabana.

"Yini biyu ya ishe mu. Ba wanda zai sani."

"Ta ce ko bayan ranta."

"Ba ta san wuta za a sa ba. Da ta sani, kina ganin haka za ta ce?"

Ban sani ba. Har yau ban sani ba. Na kalli hoton da ke saman tarin, wata mata ce tana shayar da jariri, gashinta a tsefe, tana dariya da wanda ke bayan kamara kamar 'yar'uwarta. Ban san ta ba, ba ni da wanda zan nemi izininsa. Na ce masa ya tafi da jakarsa. Malamar lissafi ta ce na yi daidai, shi ya ce na yi kuskuren da ba ya gyaruwa. Tun ranar ba mu sake zaman Lahadi ba.

Washegarin arba'in, bayan la'asar, Baba ya sa aka kawo rabin duro bayan gida. Ya ce kowa ya ba mu wuri. Na ɗauka zai juye akwatin ne gaba ɗaya ya huta. Sai ya ja kujera ya zauna, ya sa tabarau, ya ɗauki hoto ɗaya ya kalla.

"Wannan matar limamin tsohon masallaci ce. Ita ta yi wa matanmu wankan jego a gidan nan. Allah ya jiƙanta." Ya sa a wuta.

Ya ɗauki wani. "'Yar mai goro ce, ta rasu wurin haihuwa. Allah ya jiƙanta."

Haka ya yi ta yi. Inda ya ga mace ba mayafi sai ya kau da kai ya miƙa wa wuta da addu'a, bai ambaci kowa ba. Sauran kuwa ya san su, ya san gidajensu, ya san wanda ya aure su da abin da ya kashe su. Mutumin da ya ƙi kallon hotunan nan shekara da shekaru, ashe shi kaɗai ya rage a duniya da zai iya kiran sunayensu. Ina tsaye ina jin sunan kowa karo na farko, ina kallon fuskarsa a hoton na naɗewa tana baƙi. Ina cewa amin. Fim ɗin da aka wanke ya narke yana wari mai hawa kai, hayaƙi ya sa mu duka hawaye, ko dai na ce hayaƙi ne.

Can ƙasan akwatin ya ɗauko wani ƙaramin hoto ya tsaya. Wani saurayi ne a kan keke a bakin kasuwa, hularsa ta karkace, ya saki hannu ɗaya, yana dariya har ana ganin dasashinsa. Sai da na matso na gane Baba ne. Ban taɓa ganinsa yana irin wannan dariyar ba.

"Ranar da ta sayi kamarar ce," in ji shi. "Ni na kai ta a keken nan. Ni na ce ta gwada a kaina."

Na miƙa hannu. "Baba, wannan yana da mai shi. Ka ce mai shi ya karɓa."

Ya daɗe yana kallonsa. "Mai shi ya karɓa," ya ce, sannan ya sunkuya ya ajiye shi a kan garwashin da kansa.

Muka zauna har wutar ta mutu. Aka fara kiran magariba daga masallatai, bai motsa ba. Ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga, ya dube ni kamar yaron da ya yi aike yana jiran a ce ya yi daidai.

"Uwata, kina ganin an sauƙaƙa mata?"

Na ce, "Allah ne masani, Baba."

Ya gyaɗa kai. Na kama hannunsa na tashe shi, don ƙafafunsa sun sage, na raka shi har bakin ƙofa ya tafi masallaci.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya karɓi niyyarta. Allah ya jiƙan matan da ta ɗauka, waɗanda na ji sunayensu da waɗanda aka kau da kai aka wuce. Shi kuma Baba, Allah ya ba shi barci.